Furen da Na Sa wa Malfar Baba

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta lokacin kaka ba, kuma ko na so in manta ba za a bar ni ba, don a unguwarmu a Filinge akwai tsofaffin da suka mai da tuna mini da ita aikin yi. Duk hutun da na koma gida, kafin in aje akwatina wani zai leƙo ta kan darni ya tambaye ni lafiyar furena. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in yi ta kallon yatsun ƙafata, abin da na fi gwanancewa a kansa ke nan tun ina ƙarama.

Akwai abin da ya kamata ku fara sani. Ni ƴar fari ce. A wajenmu uwa da uba suna yi wa ɗan fari kara: ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa zama su yi hira da shi. Tun da aka yaye ni Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗauke ni, a ɗakinta nake kwana duk da gidan ɗaya ne. Inna in tana son in yi mata aiki sai ta dubi sama ta ce, "A miƙo mini ludayi," ni kuma in gane da ni ake. Baba kuwa in dole ta kama shi sai ya ce "yarinyar Tsohuwa". Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na san ba ƙi ba ne, duk ƙawayena ƴan fari haka ake yi musu, kuma ban ga ya dame su ba. Ni dai ya dame ni. Abu ɗaya nake so a duniya, Baba ya juyo ya yi mini magana, ni da kaina, ba ta bakin kowa ba.

Duk shekara in an gama girbi Baba yakan bi mazan garinmu zuwa Kurmi, wato ƙasar Gwalkwas, ya yi ƴan saye da sayarwa a Kumasi, sai hadari ya fara haɗuwa ya dawo noma. Ranar da ya dawo, ƙannena biyu, Ramatu da Zali, su ke da gari. Ya ɗaga Zali sama, ya zaunar da Ramatu a cinya, ya yi ta kiran sunayensu kamar yana tsotsar alewa. Tsarabata ni kuwa ta hannun Kaka take biyowa. Daga bayan asabarin ɗakin Kaka na san mahaifina. Na san tabon lauje da ke babban yatsansa na hagu. Na san yakan hura fura kafin ya kurɓa ko da mai sanyi ce. Na san ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya ya ce, "To." (In aka ce in zana fuskarsa ta gaba zan sha wuya, amma ƙeyarsa na haddace ta.)

A shekarar da nake ba ku labari Baba bai dawo noma ba. Ya aiko wani ya ce abokin cinikinsa ya kwanta ciwo, ba zai bar shi da rumfa shi kaɗai ba. Ƙanensa ne ya noma mana gonar. Ramatu da Zali suka yi kuka suka share hawaye suka koma wasa. Ni ban yi kuka ba, don ban ga da wace fuska ƴar fari za ta yi kukan ubanta a tsakar gida ba.

Ranar da za a ba mu babban hutu a lakwal, wato makarantar boko, Mushe, malaminmu, wani dogon mutumin Dahome mai son shuke-shuke, ya buɗe wani gwangwani ya zagaya yana zuba wa kowa ƴan ƙwayoyi a tafin hannu. Baƙaƙe ne masu ratsin fari, kamar an yi musu zane da alli. Ya ce sunan abin turnasol, fure ne mai bin rana da fuskarsa, kowa ya je ya shuka a gida, in an koma lakwal ya zo da kan furensa. Kafin mu kai bakin rijiya rabin ajinmu sun fasa nasu da haƙori sun cinye. Ni na ƙulle nawa a bakin kallabi.

A gefen ɗakin Kaka akwai wani lungu jikin darni inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa. Nan muka zaɓa, ni da ƙannena. Ramatu, wadda bakinta ba ya hutawa, ta haƙa rami da diddige ta ce a zuba duka a ciki a take, kamar yadda ake shuka hatsi. Na ce Mushe ya ce kowace ƙwaya da raminta, kuma a bar fili tsakani.

"Ƙwaya guda rami guda?" in ji Kaka, tana kallonmu daga bakin ƙofa tana kaɗi. "Lalle hatsin Nasara na. Su ko ga abinci kowa da akushinai."

Tun daga nan sunansa ya zama hatsin Nasara a gidanmu. Muka kwaso kashin awaki muka barbaɗa, muka yanko ƙayar magarya muka kewaye wurin saboda kaji da akuyar Inna. Zali, ƙaramarmu, kowace safiya sai ta je ta tono tata ƙwayar ta duba ko ta farka, ta mayar. Sai da na ce mata in ana leƙa shi kunya yake ji sannan ta bari. (Ni ce na fi kowa cancantar faɗin haka.)

Da suka tsiro, kowanne ya fito da ɓawonsa a ka kamar ƴar hula. Wasu fara ta cinye, ɗaya akuya ta miƙa wuya ta ƙetare ƙaya ta gama da shi. Uku suka rayu, kowa ta kama nata. Ganyen faffaɗa ne mai kaushi kamar harshen saniya, karan kuma gashi gare shi, in ka shafa ya yi ta yi maka ƙaiƙayi. Da safe kawunansu suna duban ƙofar Kaka, da yamma sai ka tarar sun juya wajen dutsen da ke yamma da gari. Ramatu ta rantse sai ta kama su suna juyawa. Ta shimfiɗa tabarma ta zauna ta zuba musu ido, barci ya kwashe ta, ta tashi ta tarar sun riga sun juya. Ta ce munafukai ne.

Sai wata safiya nawa ya buɗe. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Faifai guda ne, rawaya kamar an tsoma shi a rawayar rini, tsakiyarsa baƙi-baƙi, ƙudan zuma suna yawo a kai ƙafafunsu duk gari. Da suka gama buɗewa sai suka daina juyawa, suka tsaya cak suna duban gabas. Kaka ta zo ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe musulmi na. Na ɗauki alhakinai." Matan unguwa suka riƙa shigowa gani, kowace tambayarta ɗaya, ana miya da shi? In aka ce a'a sai ta taɓe baki ta ce amma dai da kyau.

Nawa ya fi sauran tsawo. Ya wuce darni. Na kuma san tsawon wa ya yi, don na sha ganin inda kafaɗar Baba take kaiwa a jikin wannan darnin. A raina na ƙudura cewa wannan abu ba za a taɓa shi ba sai Baba ya gan shi a tsaye. Na ce ai duk kararsa, in ya ga abin da babu irinsa a ƙasarmu ta Kurfai gaba ɗaya, dole ya tambayi wa ya shuka, in an ce ni ce, dole ya ce wani abu.

Damina ta ja baya. Ganyen furen ya bushe ya zube, kawunan suka yi nauyi suka sunkuya, bayansu ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. In ka sa yatsa ka share tsakiyar sai ka ga ƙwayoyi jere reras kamar haƙoran masara. Tsuntsaye ma sun gani. Muka ɗaura tsummoki, Zali ta riƙa buga tsohon kwano, duk a banza. Kaka ta sa aka yanke na Ramatu da na Zali aka rataye a rumfa su ƙarasa bushewa. Da ta zo kan nawa na ce bai ƙosa ba. Ta dube ni, ta dubi furen da ya bushe ƙamas, ta mai da wuƙarta. A lakwal ma, da aka koma, abin da na gaya wa Mushe ke nan, bai ƙosa ba.

Dabara ta zo mini. A zaure akwai malfar Baba ta zuwa gona, tana rataye tun da ya tafi, har yanar gizo ta kama ta. Na ɗauko na kakkaɓe, na taka turmi na kifa ta a kan furen, na ɗaure da igiyar kaba. Tsuntsaye dai sun bar shi. Amma da na sauko na ja da baya na duba, sai na ga abin da ban zata ba. Ga dogon mutum tsaye jikin darni, da malfa, ya sunkuyar da kai kamar mai sauraron yaro, ga busassun ganye biyu a gefe kamar hannaye.

Da wasa na fara. Na ce, "Sannu, Baba." Na yi dariya na gudu. Washegari na ƙara da tambayarsa gajiya. Kafin mako ya zagayo, ni da ba na iya haɗa kalma uku a gaban baƙo, na zama mai surutu. Ina tasowa daga lakwal sai in biyo ta hanyar baya, in kutsa ta ɓular darni inda akuya take bi, in tsaya gabansa in zazzage masa duk abin da ya faru. Abin bai tsaya nan ba. Hira ba ta daɗi in ba a amsawa, don haka na riƙa amsa wa kaina. In yi gyaran murya, in ce "To," in ƙara wa muryata kauri, in ba kaina amsar da nake so. Kuma a muryar nan nake kiran sunana. (Ba zan faɗa muku sunan ba. An ji shi isasshe a ranar.)

Ranar wata laraba na taso lakwal na biyo hanyata. Gidan tsit. Inna da yara suna gona wajen roron wake, Kaka ba ta tsakar gida. Ni da nake taƙamar ba abin da ke wuce idona, na ga gashin kaza a zube kusa da murhu, na ce shaho ne. Na ji ƙanshin wani sabulu da ba irin namu ba, na ce daga maƙwabta ne. Na ga sawun abu mai nauyi da aka ja daga zaure zuwa ɗakin Inna, na ce dami ne. Shahon da zai fige kaza ya tara gashin wuri ɗaya, ban tsaya na tambayi kaina a ina yake ba.

Abin da ban sani ba shi ne kamiyon Yamai, babbar motar da ke kawo matafiya, ya iso tun azahar, Baba yana ciki. Kaka ta sa an yanka kaza ta fita shelar isowarsa. Maza sun taru yi masa barka da zuwa a gindin aduwar da ke bayan darninmu, daidai bayan furena. Lokacin da na kutso sun riga sun tayar da sallar la'asar. La'asar kuwa kun sani, a ɓoye ake karatunta. Ko tari babu mai yi.

Na aje allona na lakwal, na durƙusa yadda ake gaida manya.

"Baba, sannu da zuwa. Ƙaƙa hanya?"

Na miƙe, na yi gyaran murya. "To. Lahiya lau," sai na kira sunana, na ja shi sosai. "Ke ta kinka girma haka? Zo nan in gan ki."

"Ni ta, Baba. Yau Mushe ya tashe ni karatu, ban yi kure ko guda ba."

"Madalla. Mi anka yi cikin gida bayana?"

Nan na buɗe baki. Na gaya masa akuyar Inna ta haihu. Na gaya masa Ramatu ta fasa tulu ta ce iska ce. Sannan na shiga zancen Tsoho Anaruwa, yayan Kaka, wanda tun da Baba ya tafi ya naɗa kansa mai tsaron gidanmu.

"Kullum sai shi zo da hantsi shi ce ya zo duba lahiyar gida. Baba, lahiyar hurarmu shika dubawa. Sai ya ga gindin ƙwarya kana shi ce, to gida lahiya, ni na wuce." Har tafiyarsa na gwada, ina dogara sandar da babu ita.

Na ji wani ɗan sauti a bayan darni kamar tunkiya ta shaƙe. Na ce tunkiya ce. (Ranar nan duk abin da na ji sai na samo masa dabba.)

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Sai muryata ta sauka da kanta, na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa ko furen ba.

"Baba, kai in ka zo Ramatu kaka ɗauka, Zali kaka ɗauka. Ni ko dubana ba ka yi. Ina ga ko sunana ba ka sani ba."

Sannan na yi gyaran murya mafi girma da na taɓa yi, na ce da muryar ƙato, "To. Kak ki hwaɗa ma kowa. Dut cikin ɗiyana ke nika so. Su waɗancan hayaniya gare su."

A nan Tsoho Anaruwa ya kasa. Ashe tun zancen fura yake danne dariya a ruku'u, ta taru ta fashe masa gaba ɗaya. Na ji wani na kusa da shi ya kama, wani ma ya kama. Na tsaya kamar an dasa ni. Na sa ido a tsagar darni.

Sahu guda na maza. Uku sun faɗi gefe suna riƙe da ciki. Liman yana zaune yana tahiya, kafaɗunsa suna rawa. A ƙarshen sahu ga wani mutum da sabuwar riga mai ruwan bula, bai motsa ba, bai yi dariya ba, ya ɗora hannunsa na hagu a gwiwa. Tabon lauje na fara gani kafin ƙeyar.

Ban san yadda aka yi na isa ɗakin Kaka ba. Na dai sami kaina a ƙarƙashin gado, bayan ƙoren da take ajiya, ina roƙon Allah ya sa ƙasa ta tsage. Daga can ina jin Tsoho Anaruwa yana neman buta, don dariya ta ɓata masa salla sai ya sake. Yana cewa, "Ina amaryar tawa mai ƙirga mini ludayi? Hito ki biya ni raka'a huɗu." Na ji su Inna sun dawo, na ji ihun Ramatu da Zali, na ji Baba yana kiran sunayensu. Na ji Ramatu tana tambaya me ake yi wa dariya, wani kuma yana ba ta labari da muryata, har da gyaran muryar.

Da magariba Kaka ta shigo da fitila ta zauna a bakin gadon. Ƙafafunta kawai nake gani.

"Hito ki ci kaza. Ke kinka ja mutane sunka sake salla, kuma ke ka fushi?"

Na ƙi fitowa. Gadon ya ɗan girgiza, na gane dariya take yi. Can ta daina. Ta daɗe tana murza zaren da ke bakin zanenta.

"Ke da kika lura da komi," ta ce, "kin taɓa jin na kira sunan ubanki?"

Ban taɓa ji ba. "Mai Kurmi" take ce masa. Shi ne ɗanta na fari, kuma ban taɓa haɗa abin a raina ba sai ranar.

"Kullum ya tahi ni ka hwara jin kamiyo kahin kowa," ta ce. "Hito, miya na sanyi."

Washegari alhamis, ba lakwal. Kaka ta ce yau kam hatsin Nasara ya ƙosa, ko ya so ko ya ƙi. Na taka turmi na kwance malfar, na yanke kan da ɗan guntun kara. Nauyinsa ya ba ni mamaki, kuma ko ƙwaya ɗaya tsuntsu bai taɓa ba. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, muka sauko da na rumfa. Ramatu ta ce a zuba a turmi a sussuke kamar hatsi, Kaka ta ce in tana son ƙuli-ƙuli ta gwada. Sai muka gane in ka haɗa kai biyu fuska da fuska ka goga, ƙwayoyin zubowa suke yi kamar ruwan sama a kan kwano. Waɗanda suka maƙale a tsakiya da babban yatsa ake turo su. Zali tana tsince waɗanda suka yi tsalle, Kaka tana sheƙewa a faifai, ƙaiƙayin yana tashi yana manne mana a gira. Manyan muka ware gefe don iri, sauran za a soya a kasko da ɗan gishiri. Yatsunmu duk suka yi baƙi suna danƙo.

Nawa kan na bar shi a gefe ban goga ba. Ban san me nake jira ba kuma.

Sai na ji takun Baba. Na juya baya da sauri na sa fuskata a faifai. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna. Zali ta haye cinyarsa tana nuna masa nata. Ya yaba, ya yaba na Ramatu. Sai na ji ya miƙa hannu ya ɗauki babban. Na ji yana juya shi, busasshen bayansa yana ƙara. Ya yi gyaran murya.

"To," ya ce. "Kai dogo. An ce kai ka riƙe mini malhwa tun da nit tahi. Na gode."

"Baba, ba shi ji hwa," in ji Ramatu.

"Shina ji. Jiya na ga ana ba shi saƙo, kuma saƙon ya iso."

Kaka ta ci gaba da sheƙa kamar ba ta wurin. Inna, da ke bakin murhu, ta tashi ta shige ɗaki.

"Ka gaya ma wadda ta shibka ka," in ji Baba, "na bi ƙasa da yawa ban ga irinka ba. Ka ce mata hannunta na da albarka. Ka kuma ce mata muryata ba ta kai hakanan ƙato ba, ta rage kaɗan."

Ramatu ta ƙyalƙyale. Ni kunnuwana kamar an sa musu garwashi. Na ɗauka ya gama. Sai ya sassauta murya, har sai da na daina motsa faifan don in ji.

"Ka ce mata can Kurmi in an tambaye ni iyali, da ita nika hwarawa. Sunan da taka cewa ban sani ba kuwa, ni niz zaɓe shi."

Ya sa babban yatsansa ya turo ƴan ƙwayoyi a tafin hannu, ya zuba a aljihu, ya aje kan a kusa da ƙafata, ya sauke Zali ya fita.

Kun san me na ce? Kwana da kwanaki ina gwajin wannan hira, na tanadi amsa ga kowace irin magana da zai iya yi. Da lokacin ya zo, sai da ya kai zaure sannan bakina ya buɗe, na dubi faifai na ce masa, "To."

Baba bai daɗe ba. Da aka gama kai dami rumbu ya sake bin kamiyo. Ranar tafiyarsa ya yi sallama da kowa, ni kuma ya ce wa Kaka a kula da yarinyar Tsohuwa, kamar kullum. Har yanzu da nake makarantar kwana nesa da gida, bai kira sunan nan ba, ban kuma sa ran zai kira ba. Wani lokaci in ana tsakiyar darasi sai in ji maganar tasa ta dawo mini, har da ƙarar busasshen furen a hannunsa, in rasa inda aka tsaya a karatu.

Darasin da na koya shi ne, in za ki yi hira da abin da ba shi da kunne, ki fara leƙa bayan darni, musamman da la'asar. Ina kiyaye wannan sosai yanzu. Sai dai in na faɗa muku gaskiya, ina gode wa Allah da ban koye shi da wuri ba, don da na leƙa a ranar, da na tsira da mutuncina, da kuma har yau ƙeyar Baba kawai na sani.